Kututturan Kwarin Babana

"Mayar da itatuwan nan, Elihu."

Bai ko juyo ba. Yana tsaye gaban zanen da ya shafe watanni yana yi, ni kuwa sai kai-komo nake a ɗakin, na kasa zama.

"Babu itatuwa a kwarin nan, Lavinia. Majemar babanki ta cinye su."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara ƙuluwa. Da ɓawon itace Baba yake jimar fatu, tuddan Catskill da ke bayan gidanmu duk ya aske su. Baban ne ya sa Elihu ya zana masa kwarin, in zanen ya yi masa ya ba shi aurena. Sauran masu zane cika wuri suke da ganye ko babu, kowa ya ji daɗi. Nawa gwanin kututtura ya jera, ɗaya bayan ɗaya.

"Cyrus ya riga ya kai gulma, wai tozarta Baba ka yi," na ce. Cyrus ne babban yaron Baba a majema, ya daɗe yana haƙona. "In Baba ya ga wannan gobe, Cyrus ɗin zai aura mini..."

"So kike in yi ƙarya, masoyiyata?"

"So nake in aure ka!"

Washegari Baba ya zo, Cyrus na biye. Ashe Elihu ya kwana yana fenti, kwarin da ke zanen ya cika da kore shar, ko kututture ɗaya babu.

"Madalla, yaro," in ji Baba. "Abokaina masu majemu duk za ka yi musu irinsa."

"To, yallaɓai."

Muryar ce ta tsinka min zuciya. Elihu, da kan yi musu da kowa kan launin gajimare, yau ya kasa ɗaga ido ya dubi aikin hannunsa. Ni na mayar da shi haka, kuma haka zan zauna da shi har tsufa.

Fentin saman bai bushe ba. Na sa hannun rigata na goge, na sake gogewa. Kututturan suka fito sarai.

"Lavinia..." in ji Elihu.

"Ga kwarinka nan, Baba."

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mana ƙofa. Bai zo ɗaurin aurenmu ba, har ya rasu bai sake kiran sunana ba, kuma abin yana cina har yau.

A bakin ƙofar Elihu ya kama hannuna.

"Kin san abin da kika rasa kuwa?"

"Na sani. Koma ka ɗauko zanenka mu tafi."