Allurar Da Ta Ɓata Hanya

Marin da Gwaggo Nargis ta zabga wa Mehwish a barandar asibitin birnin Multan sai da ya sa masu jinya suka leƙo. "Muguwa! Ƙaninki na kwance rai a hannun Allah, kin ƙi allura don gidan ubanku ya zama naki ke kaɗai!"

Mehwish ta dafe kunci. Wayyo maraici! Tun rasuwar iyayensu Shahzaib ne kaɗai nata a duniya, ga shi sankarar jini ta mayar da shi kamar tsinke. Likita Farzana ta ce jinin yayarsa ne kawai ya dace da nasa, ta ba su allurai a riƙa yi wa Mehwish a gida, irin masu zuga ɓargo ya haifi ƙwayoyin jini da yawa, a ɗiba a dasa wa yaron. Gwaggo, da ta taɓa aikin rigakafi, ta ce ai ita za ta yi. Kullum Mehwish takan miƙa hannu ta runtse ido... Sai ga shi yau an auna, jininta bai ƙaru ko kaɗan ba, shi kuwa Shahzaib an kawo shi ranga-ranga, miyagun ƙwayoyin sankarar sun cika masa jini.

"Wallahi Baffa, kullum ana yi mini," ta faɗa cikin kuka.

Baffa Imtiaz ya kawar da kai. "In yaron nan ya cika, kada ki sake taka ƙofata."

Ta rarrafa bakin gadon Shahzaib, tana kallon ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar, tsoro ya hana ta ko taɓa shi. "Ya Allah, Kai ne shaidata... in rai za a ɗauka, ga nawa."

Likita Farzana ta tsura mata ido. "'Yata, ƙasusuwanki na ciwo?"

"A'a."

"Wannan allurar kuwa yawanci sai ƙashi ya ji a jikinsa."

Sai wata 'yar murya ta taso daga gadon. "Nawa ne ke ciwo... tun da Gwaggo ta fara yi mini allurar ƙarin jini. Ta ce kada in faɗa."

Likita ta juya ga Gwaggo. "Baiwar Allah, allurar nan ba ta bambanta ƙwayar kirki da muguwa! Taki kika zuba wa cutar. Yarinyar fa, me kika yi mata?"

"Ruwa..." in ji Gwaggo. "To ƙatuwa lafiyayya za a ƙara wa jini, ɗan ƙanena na kwance fari fat?"

"Kin san haka, kika mare ta?" Baffa ya daka mata tsawa. Shi da kansa ya kira 'yan sanda, sannan ya durƙusa gaban marainiyar yana hawaye, ya kasa ɗago kai.

An sha wuya kafin magani ya karya cutar. Da aka sake yi wa Mehwish allura a asibiti, bayanta ya ɗauki ciwo kamar zai tsage, ita kuwa sai hamdala take, tana dariya tana kuka. Aka ɗiba, aka dasa, dashen ya kama. Ranar da Shahzaib ya iya tashi zaune, ya lalubi hannunta ya ɗora a ƙirjinsa.

"Yaya, ji nan," ya ce. "Jininki ne ke gudu."