Giram Ɗari Bakwai

Ranar da Barakatu ta fara ganin Abdulƙarim, da faɗa suka gaisa.

A Sabuwa ne, wurin gasar kokawa ta makarantun sakandaren Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Gasar ta ƙungiya ce. Kowace makaranta ta kawo 'yan kokawa biyar, kowanne da nauyin da aka ƙayyade masa, wadda ta ci uku cikin biyar ita ke wucewa gaba. Yaron da ya haura nauyinsa kuwa ba ya shiga fili, makinsa sai ya tafi wurin abokan karawa.

Barakatu malamar lissafi ce daga Ƙanƙara. Ita aka damƙa wa sikeli da littafin gasa, don an san ko ɗalibarta za ta yi kuka da majina, ba ta ƙara mata rabin maki.

Wani yaron Faskari ya hau sikeli, ta duba ta ce, "Kilo hamsin da biyar da giram ɗari uku. Ya haura."

Sai ga wani dogon saurayi da usur a wuya ya taso kamar zai kife teburin. Shi ne Abdulƙarim, kocin Faskari, mutumin garin Mairuwa.

"Malama, giram ɗari ukku? Ai ko albasa biyu sun kai haka!"

"To ka cire mashi albasa biyun, ku dawo baɗi."

"Tun asuba muka taso daga Mairuwa. Wata ukku yaron nan shina atisaye."

"Sikeli bai san Mairuwa ba, Malam. Na gaba!"

Ya tsaya yana huci, ita kuwa ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Ranar aka fitar da Faskari tun a zagayen farko.

Da magariba saƙo ya shigo wayarta. A takardar gasa ya ɗauki lambar.

"Malamar Sikeli, yaron da kika hana shiga fili ya yi kuka har Mairuwa. Na ce in sanar da ke, ko za ki ƙara jin daɗin tuwo."

Ta amsa, "Ka ce masa ban ji daɗi ba. Amma kocinsa ne ya kamata ya yi kukan, tunda shi ne bai auna shi ba kafin su taso."

Sai da ya kwana biyu yana haɗiyar wannan, sannan ya rubuto, "Na sayi sikeli. Hankalinki ya kwanta?"

"Saura ka koyi karanta shi."

Haka suka yi wata guda suna jifan juna da baƙar magana. Ita kanta ba za ta iya cewa ga ranar da abin ya juya ba. Ta dai lura duk ranar da azahar ta wuce bai yi mata tsiya ba, sai abinci ya daina yi mata daɗi. Kafin damina ta sauka, saƙonnin sun canza kama.

"Barakana, yau na auna yara biyar. Duk sanda na kalli sikelin nan, fuskarki nake gani tana harara ta. Wallahi son hararar nake."

"Allah ya shirye ka, Mai Ƙorafi. Ni ma na yi kewar ƙorafin."

Matsalar tana gida. Yayanta Mani shi ne kocin makarantar Ƙanƙara, kuma a duniya ba ƙungiyar da ya tsana kamar ta Faskari. Mahaifinsu kuwa, Baba Rabo, tsohon ɗan kokawa ne wanda a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Da Abdulƙarim ya turo manyansa neman izini, Baba Rabo ya saurare su yana shafa gemu, ya ce, "A bari a gama gasar bana tukun. In ga irin yaran da yake renowa, sannan in san ko zai iya riƙe ɗiyata."

Mani ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe.

"Duk samarin garin nan ba su ishe ki ba, sai abokin gabata? Ga abokina Abdulgafar nan, shekara biyu shina zarya a ƙofar gidan nan."

"Ya ci gaba da zaryar, Yaya. Ƙofar ba ta gaji ba."

Gasar wannan shekarar a Ƙanƙara aka yi ta, kuma kamar haɗin baki, wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin Ƙanƙara da Faskari. An tsara a yi awo da ƙarfe takwas, a gama komai kafin la'asar don baƙi su kama hanya da ido. Tun da safe fili ya cika, makaɗa na kiɗa, 'yan makaranta na ihu.

Barakatu tana daidaita sikeli ta ɗaga kai, sai ta hango abin da ba ta zata ba. Can gindin dalbejiya ga Baba Rabo zaune, yaran Ƙanƙara sun kewaye shi, ga babbar ƙwaryar Inna, mahaifiyarta, a hannunsa. A al'adar su Baba, ɗan kokawa ba ya shiga fili da ciki wayam; sai babba ya dama masa fura da nono, ya sa masa albarka. A zamaninsu ba wanda ya san wani sikeli. Tana kallo Ɗanlahadi, gwarzon Ƙanƙara a nauyin kilo sittin, ya kafa kai ya shanye, Baba ya bubbuga kafaɗarsa ya ƙara masa. Kafin ta ture kujera ta miƙe, an busa usur na fara awo.

Ɗanlahadi ya hau. Ta duba, ta sake dubawa. Mani ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Rubuta sittin."

"Yaya, sittin da giram ɗari bakwai ne."

"Ni da ke kaɗai muka gani."

"Da wanda ya halicce mu."

"Barakatu, in kika buɗe bakin nan, ba ni ba ke."

Ta rubuta abin da sikeli ya nuna. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ya haura."

Filin ya ɓarke da ihu da zagi. Sauran karawa huɗun aka yi su cikin zafi, ƙura na tashi, alƙali na raba faɗa. Ƙanƙara ta ci biyu, Faskari ta ci biyu. Da makin Ɗanlahadi, Faskari ta tashi da uku, ta ɗaga kofi a tsakiyar garin mutane.

Sai Abdulgafar ya hau benci ya ƙwala, "Jama'a, ga gara nan an kai Faskari tun ba a ɗaura aure ba!"

Aka kwashe da dariya mai ciwo. Kafin ta isa gida, maganar ta riga ta.

Baba Rabo ko zama bai bari ta yi ba.

"Kin sai da garinku saboda saurayi. To ki ji da kyau. In dai ni na haife ki, ba ki auren yaron nan."

Ta buɗe baki, ta kalli furfurarsa, ta kalli maƙwabtan da suka cika zaure, ta rufe. Da wane baki za ta ce wa tsohon da duk garin ke yi wa kirari, kai ne ka kayar da yaronku da ƙwaryar fura? Ta shige ɗaki tana kuka.

Tana cikin kukan waya ta yi ƙara. Saƙon Abdulƙarim ne.

"Barakana, na gode. Ba zan taɓa manta abin da kika yi mini yau ba."

Nan take hawayen suka bushe. Zagin gari duka bai ƙona ta kamar wannan godiyar ba.

"Abin da na yi maka? Ashe kai ma haka ka ɗauke ni. Gari ya ce na yi maguɗi don kai, kai kuma ka aiko da godiya. Kada ka sake nema na."

Ta toshe lambarsa.

Sati uku ta yi cikin wannan hali. A aji ɗalibai na raɗa. A gidan suna mata na tambayar ta ko kofin zai shiga jeren ɗaki. Mani ya daina amsa gaisuwarta. Abdulgafar kuwa ya dawo zarya da sabuwar shadda, yana cewa shi ya yafe mata, kamar wani ya roƙe shi. Ta rame, tana son Abdulƙarim, tana kuma jin haushinsa, duk a zuciya ɗaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana zaure ta ji sallamar Abdulƙarim a ƙofar gida, inda Baba ke zaune da abokansa. Ta leƙa. Ga shi durƙushe, ya fito da kofin daga cikin buhu ya ajiye gaban tabarma.

"Baba, ban zo gardama ba. Ga kofi. A kira Ɗanlahadi da yarona su yi karawar da ba a yi ba, kai ne alƙali. Wanda ya ci ya ɗauka. Ni dai a daina zagin Barakatu."

Mani ya yi tsalle. "Haka ake magana! Yanzu zan kira shi."

Barakatu ta juya cikin gida. Ba ta daɗe ba ta fito da hijabinta, sikelin gasa a hannu ɗaya, ƙwaryar Inna cike da fura a ɗaya hannun.

"Mai da kofinka buhu," ta ce da Abdulƙarim, ko kallonsa ba ta yi ba. "In aka sake karawar nan, an yarda ke nan ƙarya na rubuta."

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka gafarce ni. Na so in mutu da maganar nan a cikina, amma abin ya kai inda ya kai. Yaya, hau."

"In hau mi? Ke, ba ni son iskanci."

"Hau mu gani," in ji Baba Rabo.

Mani ya hau yana tsaki. Wani dattijo mai tabarau ya duƙa ya karanta, "Saba'in da biyu daidai."

Ta miƙa masa ƙwaryar. "Shanye."

Ya kalli Baba, Baba ya nuna masa ƙwaryar da haɓa. Mani ya kafa kai yana hararar ta ta saman ƙwarya har ya ga gindinta. Ya goge baki, ya sake hawa.

Dattijon ya gyara tabarau. "Saba'in da biyu da giram ɗari tara. Ikon Allah!"

Baba Rabo ya miƙa hannu aka ba shi ƙwaryar. Ya juya ta, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce na kai fili rannan."

"Ita ce, Baba. Ɗanlahadi ya shanye, ka ƙara mashi."

"Tun ranar kin sani?"

"Na sani."

"Kika bari gari na zagin ki sati ukku?"

"Gara ni da kai, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya juya ga abokansa.

"Ku shaida, ku kuma kai kasuwa. Ni na kada Ɗanlahadi da hannuna, ba ɗiyata ba." Ya dubi Abdulƙarim a yatsine. "Kai kuma ɗauke wannan kwanon daga gabana, ban son ganin shi. Ka ce ma manyanka ina nan ranar Lahadi."

Da jama'a suka watse, Abdulƙarim ya tsaya bakin zaure da buhunsa, kamar ɗalibin da ya makara.

"Barakana, saƙon nan wauta ce. Murna ce ta kwashe min hankali."

"Ba don kai na yi ba."

"Na sani. Wallahi na sani. Sati ukku ina rubuta maki haƙuri, yana dawo min."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, amma ta ga yadda shi ma ya zabge, rigarsa na yi masa yawa. Zuciyarta ta karye.

"Ka je ka ci abinci, Mai Ƙorafi. Zan buɗe layin in na ga dama."

Ko tasha bai kai ba ta ga damar.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren, da hantsi, a ƙofar gidan Baba Rabo. Mutanen Mairuwa suka zo mota uku. Abdulgafar ya ce tafiya ta kama shi. Mani ya miƙa wa ango hannu ba tare da murmushi ba, ya ce, "A gida kai surukina ne. Baɗi a fili, ban san ka ba."

"Na yarda, Yaya."

Da za a tafi da amarya aka kawo ta gaban mahaifinta, tana kuka cikin lulluɓi. Ya sa aka kira ango ya durƙusa gefenta. Baba Rabo ya ɗora hannu bisa kanta.

"Abdulƙarim, ga ta nan. Ta ƙi yin ƙarya don yayanta, ta ƙi yi don garinsu. Kada ka sa ran wata rana za ta yi don kai. In ka iya zama da haka, ka samu mata."

"Zan iya, Baba."

"To Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Muryarsa ta fara rawa, sai ya daka tsawa don kada a gane. "Ku tashi ku tafi hakanan, rana na yi!"

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Har motar ta sha kwana tsohon na tsaye a ƙofar gida, yana share ido da bakin rawani.