Ranar da Auta Ta Goge Mayen Ƙarfe

Akwai wata yarinya da kowa ke kira Auta, domin ita ce ƙarama a gidansu. Babanta bakaniken babura ne. Garejinsa wata rumfa ce a ƙofar gida, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin saboda mai. Da an taso daga makaranta, nan Auta take zama. Inna ta yi faɗa har ta gaji, domin kullum sai ta shigo gida da tabon mai a riga.

Auta na da wayo, wannan babu musu. Sai dai wani lokaci wayon yakan yi mata yawa.

Duk babur ɗin da Baba ya gyara, yakan manna ɗan mayen ƙarfe a cikin murfin filta. Filta ita ce ke tace man inji. Mayen kuwa bai fi maɓallin riga girma ba.

Wata rana Auta ta ce, "Baba, me wannan ɗan abin yake yi a ciki?"

Baba ya ce, "Ɗan rahotona ne. Kin san a cikin inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Duk ɓurɓushin da ya zubo cikin mai, mayen nan zai kama shi, kada ya zagaya ya ɓata inji. In na buɗe, sai ya gaya mini halin da ake ciki."

"Magana yake yi?"

"Ƙwarai kuwa. Amma bai kai ki surutu ba."

Ya shafi mayen da yatsa ya nuna mata. "Kin ga wannan baƙin abu mai laushi kamar toka? Wannan ba komai ba ne. Amma in kika ga 'yan tsinkaye masu ƙyalli, masu tsini, to inji yana cin kansa. Babur ɗin ba zai bar rumfar nan ba sai na kwance shi."

Auta ta riƙe wannan magana da kyau.

Da hutu ya kusa, babban wanta da take kira Yaya ya yi mata alkawari. Zai kai ta wurin Kaka a kan babur ɗinsa. Garin Kaka na da nisa, kuma Auta ta daɗe ba ta gan ta ba. Tun kafin a ba da hutu ta shirya jakarta. Babu ƙawar da ba ta gaya wa ba, har waɗanda ba su tambaye ta ba.

Ana gobe tafiya, Baba ya ce a kawo babur ya yi masa juyen mai.

Yaya ya ce, "Baba, in na ja shi da ƙarfi ina jin wata 'yar ƙara a ciki."

Baba ya ce, "Maye zai gaya mana. In ya fito da tsinkaye, babu tafiya. Sai na kwance inji, kuma kafin a samo kayan gyara hutu ya ƙare."

Gaban Auta ya faɗi.

Baba ya tsiyaye tsohon mai a cikin kwano. Ya kwance murfin filta ya ajiye a kan marfin gwangwani. Bai kai ga dubawa ba sai ga wani mutum a guje. Tayarsa ta sace a bakin titi, ga matarsa da jariri suna tsaye a rana. Baba ya ɗauki famfo ya bi shi. Yaya kuma ya tafi sayo sabon mai.

Baba ya waiwayo ya ce, "Auta, ki lura da kayan nan. Kada ki taɓa komai."

Suna fita ta matsa kusa ta leƙa. Ga tsinkaye nan a jikin mayen, sun miƙe tsaye cirko-cirko, suna ƙyalli a cikin baƙin mai. Ba kaɗan ba ne.

Ta tuna jakarta. Ta tuna ƙawayenta da dariyar da za su yi mata. Ta ce a ranta, "Ai jiya ma Yaya ya hau shi, lafiya lau ya dawo. Mu je mu dawo, sai a gyara."

Ta ɗauki tsumma ta goge mayen tas. Wani tsinke ya soke ta a babban yatsa, ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba. Sannan ta tsoma murfin a cikin tsohon mai don ya yi baƙi kamar da. Tsumman kuma ta ruga da shi ɗaki, ta cusa a ƙasan jakar makaranta.

Baba ya dawo yana share gumi. Ya ɗauki murfin, ya shafa, ya ɗaga shi wajen haske. Ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Babu ko ɗaya."

Yaya ya ce, "To ƙarar fa, Baba?"

"Wataƙila sarƙa ce ta saki, bari in ɗaure ta. Mayen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Auta tana ji. Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye ta.

Da safe suka kama hanya. Yaya ya ɗaure mata hular kwano da kansa, ya ce ta riƙe shi da kyau. Da farko komai daidai. Iska na kaɗa ta, har ta fara waƙa. Da suka yi nisa, sai ƙarar ta dawo, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Yaya ya fara rage gudu.

Bai kai ga tsayawa ba inji ya cije. Tayar baya ta ƙi juyawa, babur ya zame a kan kwalta. Auta ta ji ta a sama, sai ga ta a cikin ciyawa. Da ta ɗago kai, ta hangi Yaya kwance, babur ya danne masa ƙafa. Jini ya jiƙa wandonsa. Ta yi ta kiran sunansa, bai amsa ba.

Wani direban babbar mota ne ya tsaya ya kai su asibiti. Auta ƙujewa kawai ta yi a gwiwa da kafaɗa. Yaya kuwa ƙafarsa ta karye, likita ya ce zai daɗe bai taka ta ba.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Ina Auta? Ba ta ji ciwo ba ko?"

Wannan tambaya ta fi faɗuwar yi mata zafi.

Aka kawo babur gida a bayan mota. Baba ya kwance injin. Boris ɗin da ke ciki, wato ƙarfen da ke sa sassan inji juyawa sumul, ya farfashe, ya yi kaca-kaca. Baba ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Ya ce wa Inna, "Wannan abu ya daɗe yana cin kansa. Dole mayen ya kama. Ni ne ban gani ba. Idona ya mutu, na tura 'ya'yana hanya da hannuna."

Inna ta ce, "Haba, ka daina faɗin haka. Tsautsayi ne."

"Ba tsautsayi ba ne, sakacina ne."

Daga ranar Baba ya rufe rumfa. Duk wanda ya turo babur, sai ya ce, "Kai wa wani. Ni ban yarda da idona ba." Mutane suka fara ƙus-ƙus, wai bakaniken da ya kasa gyara na ɗansa yaya zai yi da na wani. Baba ya daina raha. Abinci ma sai Inna ta matsa masa yake ɗan taɓawa. Gidan ya yi shiru, sai nishin Yaya daga ɗaki bayan an sallamo shi.

Auta tana ganin duk wannan. Ta kasa kallon Baba ido da ido. Ga babban yatsanta ya kumbura, ya yi ja, yana zogi ba dare ba rana. Ta riƙa ɓoye shi a cikin riga.

Wata safiya Inna ta kama hannun. "Ke, me ya sami yatsan nan? Har ya yi ruwa ba ki faɗa ba?"

Ta ƙona bakin allura, ta zaunar da Auta a haske, ta tsaga wurin a hankali. Wani ɗan siririn abu ya fito yana ƙyalli.

Inna ta ce, "Wannan ai ƙarfe ne. Wurin faɗuwa ya shige ki?"

Da a ce Auta ta ce i, da shi ke nan, magana ta mutu. Ta duba waje. Baba na zaune a gaban rufaffiyar rumfarsa, ya yi tagumi. Sai ta fashe da kuka. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta zaro tsumman daga ƙasan jaka. Ta je gaban Baba ta durƙusa.

"Baba, idonka lafiya lau yake. Ni ce na goge mayen. Akwai tsinkaye da yawa, na gani, na goge don kada a fasa tafiya."

Baba ya miƙa hannu ya karɓa. Ya shimfiɗa tsumman a kan gwiwarsa. Ya ɗauko mayen ƙarfe ya bi da shi ta kan tsumman a hankali. Tsinkayen suka yi tsalle suka manne, ɗaya bayan ɗaya. Inna ta rufe baki da hannu.

Auta ta jira duka. Da dukan aka yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Can Baba ya ce, "Kin goge abin da zan gani, amma ciwon yana nan a cikin inji. Shi ne ya bi ku hanya. Da na rasa ku duka biyu fa?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni kaɗai za ki ba haƙuri ba. Tashi ki je ki gaya wa wanki da bakinki."

Ta shiga ɗakin Yaya ta faɗa masa komai. Ya dube ta, ya dubi ƙafarsa da ke naɗe. Sai ya juya fuska wajen bango. Kwanaki suka wuce bai yi mata magana ba. Auta ba ta yi fushi ba, domin ta san ita ta jawo. Ita ke kawo masa ruwa, ita ke gyara masa matashi, ita ke yi masa fifita in zafi ya dame shi.

Washegarin ranar da ta faɗi gaskiya, wani mai babur ya zo, Baba ya yi jinkirin tashi. Auta ta fito ta ce, "Kawu, ba laifin Baba ba ne. Ni na goge mayen kafin ya duba." Kunya ta kusa kashe ta, amma ta faɗa. Haka ta riƙa gaya wa duk wanda ya zo. Baba ya buɗe rumfa, mutanensa suka dawo.

Ranar da Yaya ya fara takawa da sanda, ya kira ta. "Ke mai goge-goge, zo in dafa kafaɗarki." Auta ta zo da gudu, tana dariya tana hawaye.

Kaka kuwa da labari ya kai mata, ita ta hau mota ta zo da kanta. Ta ja kunnen Auta da kyau, sannan ta rungume ta.

Bayan Yaya ya warke, wani mutum ya kawo babur juyen mai yana sauri, wai zai yi doguwar tafiya. Baba ya miƙa wa Auta murfin filta ya ce, "Duba ki gaya mana."

Ta duba. Ta ce, "Kawu, akwai tsinkaye. Yau babu tafiya."

Mutumin ya ɓata rai ya yi ta mita, amma ya bar babur ɗin. Da Baba ya kwance injin ya nuna masa, sai ya yi ta sa wa Auta albarka.

Tun daga nan Auta ta gane abu ɗaya. Ɓoye matsala ba ya kawar da ita, ƙara mata girma yake yi. In ka ga abin da ba daidai ba, ka faɗa da wuri, ko da zai hana ka abin da kake so.