Ranar da Bakin Magaji Ya Ƙi Rufuwa

A shekara ta tara ta sarautar Magaji Bature, a wani gari mai ganuwa tsakanin Bakori da Kafur, dawa ta fara fitar da kai, sai labari ya zo cewa mahara daga Maradi sun yi sansani tafiyar yini guda. Da hantsi ya kamata Magaji ya fito ya yi wa mayaƙa jawabi. Ana cikin naɗa masa rawani ya yi hamma, baki kuwa ya ƙi rufuwa. Haɓa ta turo gaba, yawu na dalala, magana ta gagara.

Hankalin Galadima Jibo ya tashi, don ƙanen Magaji ya daɗe yana haƙon sarautar. In aka ga sarki haka, za a ce sammu ne, mayaƙa su watse. Aka kawo rubutu, ya kasa haɗiya. Sai dogarai suka je ƙauye suka ɗauko Marka, wata Bamagujiya mai ɗori.

Galadima ya ce, "Iya, in bakin nan bai rufu kafin azahar ba, ba ki fita gidan nan da rai."

Ta durƙusa, ta lalubi gaban kunnuwan Magaji, ta ji rami inda ƙashi ya kamata ya zauna. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba sammu ba ne, muƙamuƙi ne ya goce. Amma sai na tsaya a kanka, na sa hannu a bakinka."

Wani dogari ya zare takobi, Magaji ya ɗaga masa hannu. Marka ta naɗe manyan yatsunta da tsumma, ta ɗora a haƙoransa na can ciki, ta danna ƙasa, ta tura baya. Sai ƙas, baki ya rufe. Ta ɗaure haɓar da ƙyalle a ƙarƙashin rawani, ta ce kunu kawai har kwana bakwai.

Magaji ya tambaya a hankali, "Zai sake?"

Da ta yi ƙarya, da ta kwana a gidanta. Amma ta ce, "Wanda ya goce sau ɗaya yakan koma, ranka ya daɗe."

Magaji ya fito, mayaƙa suka tsare ƙofofi, mahara suka juya. Marka kuwa aka gina mata ɗaki a cikin fada, aka sa dogari a bakin ƙofa. Masu ba da labari sun ce shekara goma sha ɗaya ta yi a nan har ta mutu, muƙamuƙin bai ƙara gocewa ba ko sau ɗaya.

Ni dai abin yana ba ni tsoro. Mai mulki in ya buƙace ka, ba ya roƙonka, ajiye ka yake yi.