Kahk Ɗin Tsakiyar Azumi

Ana gab da fara azumi, Shahinda na tsaye a kicin ɗin surukarta a birnin Mansura tana yanka albasa, sai ta daure ta faɗi abin da ke ranta.

"Mama, bana ba zan samu zuwa aikin kahk ba."

Hajja Insaf ta ajiye ludayi a hankali. Kahk dai, cincin ɗin nan mai garin sukari na ranar sallah, ba abin wasa ba ne a gidanta. Ƙarshen kowane azumi matan dangi kaf suke taruwa, kuma amaryar shekara ce ke fara sa hannu a kwaɓin. Amaryar bana kuwa Shahinda ce, matar autanta Hazim.

"Maimaita, Dakta. Kunnena ya tsufa."

Shahinda malamar ilimin taurari ce a jami'a. Bincikenta a kan galaksi yake, wato manyan garken taurari, da yadda manyan suke ƙiba ta hanyar haɗiye ƙanana. Ragowar waɗanda aka haɗiye haskensu dishi-dishi ne, ba sa ganuwa sai wata ya ɓace ɓat. Ta daɗe tana bin layin babban madubin hangen taurari da ke kan dutse, sai ga shi an ba ta dararen ƙarshen azumi. In ta ƙi zuwa, sai ta koma bayan layi.

Duk ta yi wannan bayani. Hajja ko kallonta ba ta yi ba, ɗanta ta ƙwala wa kira.

"Hazim! Ko ka kawo min ita ranar kahk, ko ka mayar da ita gidan ubanta. Taurarin su aure ta!"

A mota Shahinda ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe. Tana son Hazim, so na haƙiƙa, amma ta san in ta saki aikin nan ba za ta yafe wa kanta ba.

"Don Allah ka ce wani abu mana," ta ce.

"Ki tafi dutsenki," in ji shi. "Hannuna da naki ai ɗaya ne."

Haka kuwa aka yi. Ranar kahk Hazim ya rufe kantin maganinsa, ya naɗe hannun riga, ya zauna tsakiyar mata ya tsoma hannu a kwaɓi. Gwaggonninsa suka sa shi gaba.

"Iye! Amaryar bana har da gashin baki!"

"A hankali, amarya, kar lallenki ya goge!"

Kowa ya yi dariya ban da Hajja. Tun daga ranar ta daina amsa gaisuwar Shahinda, kullum kuma maganarta ɗaya ce ga ɗanta: yaushe za a yi sakin? Shahinda ba ta fasa zuwa ba. Kowace Juma'a sai ta zo, ta gaishe ta, ta wanke kwanuka, ta tafi ba a ce mata ci kanki ba.

Aikin da ta yi a kan dutse ya fito, ya kuma karɓu. Masana a ƙasashe da dama suka riƙa kafa hujja da shi, ɗalibai na neman ta koyar da su. Da Hazim ya kai wa uwarsa labari, cewa ta yi, "To, a dafa takardar mu ci."

Da shekara ta zagayo, sai aka sake ba Shahinda madubin, kuma a ƙarshen azumi. Mamakin me? Ai sallah ba ta taɓa zuwa sai bayan wata ya ɓace. Hazim, wanda duk ya rame, ya dafe kai.

"Shahinda, bana ban san yadda zan yi ba. Uwata ce fa."

"Ba zan bar aikina ba, kuma ba zan bar ka ba," ta ce. "Ka dai ba ni makullin mota."

Ranar sha huɗu ga azumi da hantsi ta yi sallama a ƙofar Hajja, buhun fulawa a kafaɗa, gwangwanin man shanu a hannu.

"Mama, ga hannuna na kawo. Yau wata ya cika, haskensa ya rufe min komai, ba ni da wani aiki sai naki. Ƙarshen wata ne kawai ba nawa ba."

"A tsakiyar azumi? Wa kika taɓa gani ya yi?"

"Babu. Ko dai kahk ɗinki ba zai kai sallah ba ne, zai lalace?"

Hajja ta zaro ido. "Nawa? Kahk ɗina ya lalace? Ke 'yar nan, nawa har babbar sallah yana kaiwa!"

Ta fizgi gwangwanin ta buɗe ta shinshina, ta taɓe baki. Sannan ta dubi yarinyar da ta shekara tana wanke mata kwanuka ba godiya, ga fulawa ta ɓata mata baƙar abaya, idanu sun ciko da ƙwalla amma ko gezau. Zuciyar tsohuwa ta karye.

"Tsayuwar me kike yi kamar baƙuwa? Shige ki wanke hannu, 'yata." Ta ɗauki waya ta fara kiran 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya. "Ku taho yau. E, yau na ce! Surukata ce mai lura da wata, ita ta san lokaci."

Har yanzu a duk layin, gidan Hajja Insaf ne kaɗai ke ƙamshin kahk a tsakiyar azumi, wanda ya tambayi dalili kuma sai ya sha labarin galaksi a bakin tsohuwa, rabi daidai rabi ƙari.

'Yan mata, ku duba Shahinda. Ba ta yar da iliminta don aure ba, ba ta kuma ɗaga wa uwar mijinta murya don tana da ilimi ba. Haƙuri ta yi, ta ci gaba da zuwa, har ranar da aka ce mata shigo.