Tiyatar Yurani

A kicin ɗin gidansu da ke birnin Pereira, Yurani na tsaye gaban madubin da aka jingina da firij, ta cusa safa biyu cike da ɗanyar shinkafa a cikin bireziya. Likita ce ta ce ta gwada haka ta ji nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta zaɓi girman robar da za a sa mata a nono.

"Ƙaro shinkafa!" in ji Anti Nubia, ƙanwar mahaifiyarta. "Wannan ai ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba."

"Anti, bayana ne zai ɗauka fa, ba naki ba."

Tun da ta fara zama budurwa nononta na hagu bai kai na dama ba. Da tsumma take cike gurbin, ba wanda ya sani sai mutanen gida. Ko Duván, makaniken bas ɗin da za ta aura wata mai zuwa, cewa ta yi masa tiyatar ta kwalliya ce kawai irin ta 'yan mata.

Mahaifiyarta Gladis ta juya wainar masara a kasko. "Me likitar ta ce game da gwajin?"

"Jinina ya yi ƙasa, Mama. Ta ce ba za ta taɓa ni ba sai ya ƙaru. Wata uku ko huɗu."

Cokali ya faɗi daga hannun Gladis. "Bayan biki ke nan! Haka za ki shiga ɗakin miji?"

"Akwai wani mai yin irin aikin a unguwar Cuba," in ji Nubia ƙasa-ƙasa. "Shi ba ruwansa da gwaji. Ranar Asabar ya gama miki, Lahadi kina gida."

"A asibiti yake yi?"

"A hawa na biyu, saman shagon gyaran gashi. Tsaf-tsaf!"

Yurani ta ce ba za ta je ba. Gladis ta fashe da kuka, ta ce ita ta san maza. Uban Yurani bai bar ta ba sai da ya ga wadda ta fi ta ƙira. "Ba zan zuba ido ki sha abin da na sha ba. In kin ƙi, ki nemi wadda za ta raka ki coci!"

Ranar Juma'a Yurani ta sauka daga bas a bakin garejin su Duván, idanu a kumbure. Ya fito yana goge hannu. Ta faɗa masa komai, har maganar tsumman, tana kallon ƙasa.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?!"

"Duk zuwanmu kogi ba ki taɓa sauke tawul daga kafaɗa ba, kuma kullum ta gefen dama kike rungumata. Jira nake ki faɗa da bakinki."

"Shi ne ka yi shiru kana kallona ina wahala? Mugu!"

"In kina so a yi, a yi, ni zan kai ki. Amma ba a saman shagon kitso ba. Ko injin bas ba na buɗewa sai na duba mai."

Da yamma ya je gidan su Yurani, ya cire hula. "Doña Gladis, biki na nan a ranarsa. Tiyata kuma sai likita ta yarda."

"Yau kake faɗar haka. Bari shekara ta zagayo mu gani."

"To, mu gani."

Gladis ba ta sake yi musu magana ba. Ba ta je gwajin rigar amarya ba, ranar biki ma a bencin baya ta zauna, ta tafi kafin a yanka kek. Yurani ta yi kukanta ta share. Duk Lahadi kuma sai ta kai mata gaisuwa, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Ta dage da shan magani, Duván na dafa mata hanta da wake har ta tsani ƙamshinsu. Da jinin ya ƙaru, suka koma wurin likita tare. Ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya: ina za a tsaga, za ta iya shayarwa nan gaba, yaushe za a sake duba robar. Ta zaɓi matsakaicin girma, daidai yadda nonuwan biyu za su daidaita.

An yi aiki lafiya. Likita ta hana ta ɗaga hannu sama, barci ma sai a jingine. Kwana biyu da sallamarta, Duván na fama da gashinta ya rasa yadda ake kama shi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gladis ce, da tukunyar romon kaza.

Ta kalli kan 'yarta, ta kalli surukinta. "Ba ni matajin nan, kafin ka mayar min da ita tsintsiya."

Ta zauna a bayanta tana tajewa a hankali. Can ta ce, "Ya kula da ke?"

"Ko kofi ba ya bari in ɗauka, Mama."

Hawayen Gladis na sauka a gashin da take tajewa. "Tsoro ne ya sa ni, 'yata. Ashe ba duka aka taru aka zama ɗaya ba."

Mai gaggawa kan sayar da lafiyarsa don biki na yini ɗaya. Yurani ta yi haƙuri, ta tsira da lafiyarta da mijinta, uwar ma ta dawo da ƙafarta.