Awon Ɗakin Gwaggo Bara'atu

Da la'asar sakaliya Suhaibu ya hau bayan babur ɗin taubashinsa Maliki, suka nufi Tsohon Birnin Gwari don ya auno ɗaki. Aikin da mai hankali zai yi da hantsi, shi sai da rana ta yi ja.

Suhaibu mai shimfiɗa tayil ne. Tun da rashin zaman lafiya ya tashe su daga gidan gado yake raɓe da matarsa Bushira a gidan iyayenta, yana cin tuwon surukai yana kuma ɗaga hanci. Yanzu hanya ta lafa. Ƙanin Bushira zai yi aure bayan Sallah, ɗakin da suke ciki kuwa shi za a ba ango. Surukinsa har ya fara amsa gaisuwarsa da ka. Dole ya samo wurin da zai kai matarsa.

Damina ta zubar da duk ɗakunan gidan gado sai ɗaya, na marigayiya Gwaggo Bara'atu, ƙanwar ubansa. Allah bai ba ta haihuwa ba, jerenta shi ne ɗanta. Tasoshi da langa da fanteka, tun daga kantar jera kaya har rufi. Duk Alhamis takan sauke su ta goge da toka da tsamiya, maƙwabta kuma sukan ce in ka kasa kunne ta bayan katanga, ba hannu biyu kaɗai kake ji ba. Da ta rasu ba wanda ya nemi ko murfi. Aka sa kwaɗo, aka watse.

A ƙofar gida Maliki ya kashe babur.

"Ina igiyar awon?"

"Igiya ai ta ɗaure akuya ce, kai ta dace da kai." Suhaibu ya zaro wani ɗan abu daga aljihu, kamar wayar hannu. "Daga Kaduna. Jan haske yake tofawa a bango, ya faɗa maka nisan. Kakanka bai ga irinsa ba."

"To, injiniya. Ka dai yi sallama kafin ka shiga."

"In yi wa wa? Gafiya?"

"Ni ina nan kan babur. Ana kiran magariba zan tayar, da kai ko ba kai. Dama Bushira ni ta so, ƙaddara ta haɗa ta da kai."

Suhaibu ya yi tsaki, ya ratsa ciyawar tsakar gida, ya sa dutse ya ɓalle kwaɗon. Da takalminsa ya shiga, bakinsa a rufe, kamar jaki ya shiga rumbu.

Warin jemage ya sa ran ji. Abin da ya tarbe shi ƙamshin jiƙaƙƙiyar toka ne da tsamiya. Jeren yana nan yadda aka bar shi, ba ƙura, ba yanar gizo. Ɗan hasken da ya biyo shi ta ƙofa ya faɗa kan tasoshin, suka ɗauka suka miƙa wa juna, ɗakin ya yi wal.

"Ƙarfen zamanin da ke nan," ya ce, "ba ya tsatsa." Wanda duk ya taɓa wanke kwano ya san ƙarfe ba ya goge kansa. Shi bai taɓa ba.

Ya jingina abin awon da bangon ƙofa, ya danna. Jan ɗigo ya tafi ya sauka a cikin wata tasa, ya tarwatse, ya zama ɗigo barkatai a bango da rufi. Abin ya yi ƙara, tit-tit-tit, ya ƙi ba da lamba. Ya sake dannawa, abin ya ce mita ɗaya. Ya sake, ya ce ashirin.

Wannan bai dame shi ba, ya san halin kayansa. Abin ba shi da wayo. Hasken da ya tofa yake jira ya dawo masa, wanda ya fi ƙarfi shi yake cafkewa. In akwai abu mai ƙyalli a kusa, ko dai ya makance ya yi ta kuka, ko ya auna mai ƙyallin ya manta da bango. Mai shagon ya gaya masa maganin abin: a rufe mai ƙyallin da ƙyalle.

Sai ya buɗe adakar mamaciya, ya dinga zaro zannuwanta yana warwarewa. Na saƙi, na atamfa, har wanda take sallah da shi. Ya lulluɓe jeren kaf. Ko ɗar bai ji ba.

Ɗakin ya yi duhu.

Ya koma bakin ƙofa, ya danna.

Ɗigon bai kai bango ba. A tsakiyar ɗaki ya tsaya, a iska, daidai tsayin goshin mutum in yana tsaye kan turmi.

Mita uku.

Ya girgiza abin, ya hura masa iska, ya goge da riga. Ya danna.

Mita biyu.

A nan ya fara jin sautin. Ƙus, ƙus, ƙus. Soso da toka a bayan tasa, a hankali, irin gugar wanda ba ya sauri.

"Maliki," ya ce ƙasa-ƙasa, "bar wasan nan."

Can waje Maliki ya yi tari. Tarin ya zo kamar daga wani gari.

Bai so ya sake dannawa ba. Yatsansa ne ya danna.

Mita ɗaya.

Sai tit-tit-tit. Kukan da abin yake yi in haske ya yi masa yawa. Alhali duk mai ƙyallin da ke ɗakin a rufe yake.

Gugar ta tsaya.

Zane ɗaya ya zame daga kanta, suuu. Wani ya bi shi. Wani kuma.

A cikin kowace tasa ya ga kansa, ƙarami, baki buɗe. A cikin kowacce kuma akwai bayan wani abu tsaye a gabansa, dogo, ya ranƙwafa don rufi ya tare shi. Gwaggo gajeriya ce.

Ya ɗago ido. Ba kowa, sai ɗigon.

Gefe da gefen ɗigon, abu biyu suka buɗe. Faffaɗa, kewayayyu, an goge su tas, ba baƙi a cikinsu ko kaɗan. Jan hasken ya faɗa ciki ya dawo, ya soki idonsa na hagu.

Numfashi mai tsamin tsamiya ya sauka a fuskarsa, wata murya ta biyo baya.

"Ita ba ta taɓa rufe mu ba."

Muryar ta sake cewa:

"Kai ma ka dushe."

Wani abu jiƙaƙƙe mai kaushi ya dafa kumatunsa. Ya fara guga.

Ƙus.

Ƙus.

Ya buɗe baki, toka ta cika shi.

Hannu ya damƙi wuyan rigarsa ta baya, ya fizge shi waje. Maliki ne, yana ta a'uziyya, yana jansa a cikin ciyawa kamar buhun masara. Ya tayar da babur tun da aka kira sallah, ya yi ta danna oda ba amsa, shi ne ya biyo sahu. Da rawani ya ɗaure Suhaibu a bayansa har Birnin Gwari.

Maliki ya ce shi bai ga kowa a ɗakin ba. Ya dai ga zannuwa a ninke a kan adaka, da taubashinsa a tsaye, kai a karkace, kamar yaron da ake yi wa wanka.

Fatar kumatun ta saɓule, ta warke sumul, tana sheƙi kamar bayan cokali. A asibiti sun duba idon, sun ce lafiyarsa lau. Tayil kuwa ya bar shi, don ba ya iya duban abin da ke ƙyalli, a ƙwarya ma yake shan ruwa. Abin awon yana can inda ya faɗi, ba wanda ya koma, sai Maliki da ya je da hantsi ya sa sabon kwaɗo daga nesa-nesa.

An yi bikin ƙanin Bushira, an ba ango ɗakinsa. Bushira ta koma ɗakin uwarta, shi kuma aka shimfiɗa masa tabarma a zauren surukai, inda baƙi ke tuɓe takalmi.

Jan ɗigon bai bar idonsa na hagu ba. Duk wanda ya fi kusa da shi, a kan mutumin yake ganin ya sauka. Shi ya sa yanzu ba ya ƙin mutane, ko yara ne masu surutu sai ya ce su matso. In zauren ya watse ya rage shi kaɗai, ɗigon ba ya tafiya bango. Nan yake tsayawa a iska, kamu ɗaya daga fuskarsa.